Namdaemun, Dongdaemun ko Gwangjang: wace kasuwa za ka nufa in ka sauka Incheon?

Jama'a masu shirin zuwa Koriya ta Kudu, ko don kasuwanci ko karatu ko yawon buɗe ido, kar wanda ya ruɗe ku da cewa kasuwannin Seoul duk ɗaya ne. Kowacce da abin da ta fi ƙwarewa a kai, kuma in ka nufi wadda ba ita ba to ranar ta tafi a banza, ga ciwon ƙafa.

Tun daga filin jirgi ma zaɓi yake farawa. Incheon ba cikin Seoul yake ba, a kan tsibiri yake can yamma, kuma tashoshi biyu ne, ta biyun a 2018 aka buɗe ta, don haka ka duba tikitinka da kyau musamman ranar dawowa. Jirgin ƙasa AREX iri biyu ne: akwai mai tafiya kai tsaye, minti 43 daga tasha ta ɗaya zuwa Seoul Station, akwai mai tsaye-tsaye da ke cin kusan awa guda amma kuɗinsa bai kai rabin na farkon ba. In jaka ɗaya gare ka hau mai tsaye-tsayen kawai, bambancin bai taka kara ya karya ba. In kuwa kana jan manyan akwatuna, bas ɗin da suke kira limousine ta fi, ta ɗan fi tsada amma za a sa maka kaya a ƙasa kuma wasu har unguwar Myeongdong da Dongdaemun suke kaiwa. Tasi? Sai in ku uku ne ko huɗu ku raba kuɗin. Ka sayi katin T-money a kantin cikin filin jirgin ka loda masa kuɗi, shi ne na bas da jirgin ƙarƙashin ƙasa. Af, kuma don Allah a bar kilishi da dambun nama a gida, an hana shiga da nama, tarar tana iya kaiwa won (kuɗin Koriya) miliyan 10.

To kasuwanni. Ni dai in mutum zuwansa na farko ne kuma tsaraba yake nema, Namdaemun zan tura shi ba wani dogon tunani. Tun 1414 take, layi na 4 na jirgin ƙarƙashin ƙasa za ka hau ka sauka Hoehyeon, kana fitowa ka faɗa ciki. Kayan yara a nan suke, da tabarau, safa, jakunkuna, tukwane da cokula, ginseng (wata saiwar magani), busasshen ganyen teku da suke ci da shinkafa. Ana sayar da ɗai-ɗai, ana ɗan ragi in ka ɗebi da yawa kuma ka biya da tsabar kuɗi, amma fa kar ka taya rabin kuɗi, ajumma, wato uwargida mai shagon, za ta juya maka baya ne kawai ta ci gaba da jera kayanta. Akwai wani lungu matsattse da ake dafa kifi galchi da yaji a 'yan tukwanen da duk sun lotse sun yi baƙi, romon ja wur yana tafasa ake kawo maka. Ranar Lahadi shaguna da yawa a rufe suke.

Dongdaemun kuma ta 'yan sari ce, kamar dai Kantin Kwari amma a hawa-hawa. Da rana akwai katafaren ginin yadudduka da maɓallai da zare da leshi da duwatsun ado, tela in ya shiga sai an janyo shi, da dare kuma wajen ƙarfe takwas manyan shagunan sarin tufafi ke buɗewa har asuba, za ka ga samari suna ta gudu da manyan ledoji a kafaɗa. Matsalarta guda, wuraren sarin nan yawanci ba sa sayar da riga ɗaya kuma ba a gwadawa, sannan ɗinkin na jikin 'yan Koriya ne, mai jiki sai ya yi hattara.

Gwangjang (tun 1905 take, tashar Jongno 5-ga a layi na 1) ita ce kuke gani a bidiyo, ta abinci. Ta cancanci a je a gani, saman bene ma akwai yadi da hanbok (tufafin gargajiyar Koriya) da gwanjo masu kyau. Amma Musulmi ya buɗe ido. Bindaetteok, wainar wake da ake niƙawa a dutse a gabanka, sau da yawa ana sa mata naman alade, sundae kuwa hanji ne da aka cusa wa jini, kuma giya na kan tebur ko'ina. Ka tambaya kafin ka zauna, ko ka adana yunwarka zuwa Itaewon inda babban masallacin Seoul yake, gidajen abincin halal sun kewaye shi. Farashin Gwangjang ma ya ɗan hau saboda baƙi.

Mai neman ginseng da sassaƙe da gaske ya wuce Gyeongdong ta tashar Jegi-dong, can 'yan gari ke saye. Google Maps ba ya nuna hanyar ƙafa sosai a Koriya, sauke Naver Map tun kana gida.

Sai ranar komawa. Shagunan duty free na Incheon sun yi kyau ga turare da kayan shafa masu suna, amma ganyen teku da safa da 'yan tarkacen tsaraba a kasuwa suka fi araha nesa ba kusa ba. Abin da kasuwa ba ta cika bayarwa ba shi ne rasit ɗin maido haraji, wannan sai shagunan da suka manna alamar Tax Free, kuma da fasfo. Kimchi (kabejin da aka tsima da yaji) da gochujang (kwaɓin barkono) a matsayin ruwa ake lissafa su, duk abin da ya haura mililita 100 za a karɓe a wajen bincike, to a naɗe su da leda biyu a tura cikin babban akwati. Akwai ɗakin salla a filin jirgin, tambayi teburin information su nuna maka. Ka iso awa uku kafin tashi, don daga wajen bincike zuwa wasu ƙofofin sai ka sake hawa ɗan jirgin ƙasa.