Sharhi: Bin sawun miji da mata a shafin FamilySearch

Na yi amfani da shafin FamilySearch wajen bin diddigin wasu ma'aurata daga cikin magabatanmu, waɗanda abin da ya rage mana game da su bai wuce sunayensu da labarin yawan ƙaurarsu ba. Shafin kyauta ne, cocin Mormon da ke Salt Lake City a Amurka ke gudanar da shi, kuma asalinsa wata ƙungiyar binciken nasaba ce da aka kafa a 1894. A 1938 suka fara ɗaukar hotunan rajistar aure, haihuwa, mutuwa da ƙidayar jama'a a kan fim, sai a 2021 suka kammala mayar da naɗin fim kimanin miliyan 2.4 zuwa kwamfuta.

Abin da ya fi amfanar da ni shi ne damar ganin hoton ainihin takarda, ba abin da wani ya kwafo daga cikinta kawai ba. Rajistar aure ce ta fara ba ni sunan matar na gidan ubanta, wanda da ban same shi ba da ta ɓace mini gaba ɗaya, domin a takardun da suka biyo baya da sunan mijinta ake rubuta ta. Ƙaurar kuwa babu takardar da ta ambace ta kai tsaye. 'Ya'yansu ne suka nuna mini hanyar: na fari an haife shi a wuri ɗaya, biyun da ke bin sa a wani, autar kuma a inda uban ya rasu. Da na jera waɗannan a sashen da ke tsara rayuwar mutum shekara bayan shekara tare da taswira, sai tafiyar tasu ta fito fili, har na lura cewa sana'ar mijin ta sauya daidai lokacin ƙaura ta biyu. Dalilin tashin nasu dai takarda ba ta faɗa, wannan sai a bakin dattawan dangi.

Wajibi ne mai bincike ya san cewa bishiyar nasabar shafin guda ɗaya ce ta kowa da kowa, duk mai rajista yana iya gyara bayanin mamaci, ko da yake na masu rai a ɓoye yake. A ganina wannan tsari yana haɗa dangin da ba su san juna ba, amma ban amince da kowace shekara ko suna ba sai na ga takardar da aka jingina. Su kansu tsofaffin magatakarda sukan rubuta suna yadda kunnensu ya ji, shekarun mutum kuma su bambanta daga wannan ƙidaya zuwa waccan.

Yawan abin da za a samu ya danganta da ƙasar da magabatan suka zauna. Inda ake ƙidaya duk shekara goma, kamar Amurka da Ingila, aikin yana sauri, duk da cewa akasarin takardun ƙidayar Amurka ta 1890 sun salwanta sakamakon gobarar 1921. Wasu hotunan kuma ba sa buɗuwa sai a cibiyoyin shafin ko ɗakunan karatu masu alaƙa da shi. Manhajar waya ta wadatar wajen shigar da sunaye, amma karanta tsohon rubutun hannu ya fi sauƙi a babban allon kwamfuta.