Hanyar Tissington a Ingila: Mai Keke Ya Faro Daga Ashbourne

Hanyar Tissington asalinta layin dogo ce da aka buɗe a 1899. Da jirgi ya daina bi, hukumar gandun Peak District ta sayi layin, aka mayar da shi hanyar shaƙatawa a 1971. Tsawonta mil 13, wajen kilomita 21, daga garin Ashbourne zuwa Parsley Hay a yankin Derbyshire. Mota da babur ba sa shiga, sai masu ƙafa, masu keke da mahaya doki.

Akwai hayar keke a bakin hanyar ta kowane ɓangare, amma shawarata a faro daga Ashbourne. Hanyar tana hawa a hankali zuwa arewa, ido ba ya gani, cinya ce ke ji. Wanda ya faro daga kudu zai dawo a gangare daidai lokacin da gajiya ta kama shi. Wanda ya faro daga Parsley Hay kuwa, da yamma zai biya bashin daɗin da ya sha da safe. Wuri ɗaya ne mai gangara da hawa mai tsauri, kusa da Ashbourne, inda aka rushe wata tsohuwar gada. A nan gara a sauke yara su tura keken.

Daɓen na niƙaƙƙen dutsen farar ƙasa ne. Ruwa ba ya mayar da shi caɓi sosai, sai dai farin taɓo ya fantsama a wando. In an kwana biyu ba ruwa, ƙura ce, kuma tana shiga sarƙar keke ta cinye ta, don haka a wanke a sa mai bayan an dawo. Siririyar tayar keken tsere ba ta jin daɗin wannan daɓe, mai faɗi ta fi.

Kashin kudu bai burge ni ba, bishiyoyi da gaɓar hanya sun tare kallo. Daga tsohuwar tashar jirgi ta Alsop zuwa sama ne ƙasa ke buɗewa, ga makiyayar tumaki, ga katangun dutse da aka jera ba siminti. A tsohuwar tashar Hartington, tsohon ɗakin ba jirgi hannu yana nan tsaye, amma ƙauyen kansa yana can ƙasa, fiye da mil ɗaya daga hanyar. Parsley Hay ta haura mita 300 a sama da teku, iska tana kaɗawa ko da bazara, a riƙe rigar sanyi.

Asabar da Lahadi cunkoso ne. In ka hango doki a gabanka, rage gudu ka yi magana tun daga nesa, don keken da ya wuce shiru yana firgita shi.