Shagon kayan wasan yara a Zoo Road: kaya masu kyau, jeri mai ɓata rai

Ana saura kwana uku Sallah na kai 'yata mai shekara 6 wani shagon kayan wasa a Zoo Road, Kano. Wurin tsaf yake, kayan ma ba na jabu ba ne.

Jerin kayan ne ya tsaya min a rai. Ɓangaren dama duk ruwan hoda: 'yan tsanar Barbie, tukwanen roba, har da ƙaramin dutsen guga. Hagu shuɗi: motoci, jiragen sama, tubalan roba na LEGO, akwatin likita. Akwatin likita a ɓangaren maza, alhali likitar da ta karɓi haihuwarta mace ce!

Yarinyar ta ɗauko mota mai rimot, sai mai jiran shagon ya ce, "Hajiya, wannan ai na maza ne." Nan take ta ajiye, jikinta ya yi sanyi. Wallahi abin ya yi min ciwo.

Kamfanin manyan shaguna na Target a Amurka ya cire alamun "maza" da "mata" daga sashen kayan wasansa tun 2015. Na saya mata motar, na kuma roƙi manajan ya gauraya kayan. Zan koma in gani.