Sharhi: atisayen saurare a gida ga waɗanda aka dasa wa na'urar ji

Manhajojin atisayen saurare da ake saukewa a waya suna da amfani sosai, amma a nan Yamai rabin aikin kawai suke yi. Mun gwada su da manya waɗanda suka kurumce da girmansu, aka dasa masu na'urar ji can cikin kunne ta hanyar tiyata (cochlear implant).

Tsarinsu ya yi. Ana farawa da jin sauti, sai bambance sauti biyu, sai gane kalma, daga ƙarshe fahimtar zance cikin hayaniya. Minti 20 zuwa 30 a rana, kwana 5 a mako, ya wadatar. In aka zarce, gajiya ke sa mutum cinta. A haɗa waya da na'urar ta Bluetooth, a cire abin jin ɗaya kunnen, in ba haka ba shi zai ɗauke aikin, wanda aka dasa ya zauna banza.

Inda suka gaza shi ne harshe. Waɗanda muka samu da Faransanci ko Ingilishi suke. Na'urar kuwa da ƴan wayoyi 12 zuwa 22 take taɓa jijiyar ji, a madadin dubban ƙwayoyin cikin kunne, shi ya sa tsawon wasali ke fita da kyau amma hawa da saukar murya na dusashewa. Ga Bahaushe wannan ba ƙaramin abu ba ne: kukan yaro da kukar miya sai su zo masa iri ɗaya. Dole wani na gida ya zauna ta gefen na'urar, tazarar mita 1, ya kare bakinsa da mahuci don kada a karanci leɓensa, ya riƙa faɗin irin waɗannan kalmomi cikin gajerun jimloli, da muryarsa ta kullum. Ihu ɓata sautin yake yi.

Kowace safiya a gwada sautukan auna ji guda 6 da ake kira sautukan Ling: m, u, a, i, sh, s. Idan "s" ya ɓace, kada a ɗora wa mai na'urar laifi. Ƙurar hunturu na toshe murfin makirfo, zufar bazara na shiga wayar da ke jikin na'urar. A sauya murfin, a duba wannan wayar da batir, a kwantar da ɓangaren na'urar na waje cikin akwatin busarwa da dare. In an yi kwana biyu bai dawo ba, a koma wurin mai saitin na'urar.