Ukulele na koa aikin hannu: amo mai daɗi, amma hunturu ba ya raga masa

Ukulele ƙaramin kayan kiɗa ne mai tsirkiya huɗu, kamar ƙaramar jita. Wannan ukulelen girman tenor ne, ɗaya daga cikin manyan girmansa, aikin wani masassaƙi mai ƙaramin shago, ba na masana'anta ba. Fuska da baya da gefe duk itacen koa ne zalla, wuyan mahogani. Tsawon tsirkiya daga inda ta bar kai zuwa jaki, wato katakon da ke riƙe tsirkiya a kan fuska, inci 17 ne, kusan santimita 43, ƙarafan wuya, inda ake danna tsirkiya, guda 18, wuyan ya haɗu da gangar jiki a ƙarfe na 14. Ya ga hunturu ya ga damina a Kano, don haka akwai abin faɗa a kansa.

Koa itacen Hawai ne, kuma da shi aka fara wannan sana'a. A 1879 jirgin ruwa mai suna Ravenscrag ya sauke 'yan ci-rani daga tsibirin Madeira na Fotugal a Honolulu, cikinsu akwai kafintoci uku, Manuel Nunes da José do Espírito Santo da Augusto Dias. Su suka ɗauki fasalin ƙananan kayan kiɗan ƙasarsu suka sassaƙa su da koa, Sarki Kalakaua na Hawai ya rungumi abin ya shigar da shi fada. Wannan masassaƙin ya bi sawunsu har a ado: ya zagaye bakin fuska da ramin amo da ƙananan gutsattsarin itace, fari da baƙi a karkace, har suka fito kamar tufkar igiya. In ka kusanto da ido za ka ga faɗin gutsattsarin bai zo ɗaya ba, kuma a ƙugu akwai inda biyu masu duhu suka haɗu a jere. Ni ban ɗauke shi aibi ba. Mai son sassaƙa da zanen gargajiya zai fi jin daɗin wannan a kan na inji.

Amon ya biya kuɗinsa. Fuskar siririya ce, ba ta wuce milimita 2 ba, shi ya sa ko da shafar ɗan yatsa take amsawa. Sautin koa yana da haske a sama da kauri a tsakiya, ba ya kai zurfin mahogani zalla a ƙasa, amma kowace tsirkiya tana fita daban ko ana kaɗa su huɗun tare. An ɗaure tsirkiyoyin a kan sautin G, C, E, A, G ɗin na sama, mai siririn sauti, yadda aka saba. Wanda ke son G na ƙasa ya sani tsirkiyar ta fi kauri, sai an ɗan faɗaɗa tsagar ƙashin kai, inda tsirkiya ke ratsawa a ƙarshen wuya, da ƙaramin zarto, in ba haka ba za ta maƙale ta riƙa yin ƙas-ƙas lokacin ɗauri.

Inda bai gamsar ba shi ne tsayin tsirkiya. Ya zo da tazarar kusan milimita 3.5 tsakanin tsirkiya da ƙarfe na 12, alhali 2.5 zuwa 3 ya fi dacewa. Illar biyu ce: yatsu na gajiya, sannan danna tsirkiya daga nesa yana ƙara mata ɗauri, sautin ya haura. Gwajin ba wuya. Saita tsirkiyar da manhajar waya, sannan ka danna ƙarfe na 12. Ya kamata harafin ya dawo daidai. A nan C ne ya fi haurawa, saboda ita ce mafi kauri. Gyaran shi ne a sassauta tsirkiyoyi, a zare ƙashin da ke zaune cikin jaki, a ja layi da fensir a gindinsa, a goga shi kan samfefa mai lamba 220 da aka shimfiɗa a kan gilashi. Duk rabin milimitar da kake son ragewa a ƙarfe na 12, milimita ɗaya za ka ci daga ƙashin. Gindin kawai ake gogewa, kuma dole ya fito a miƙe, don in ya yi tudu a tsakiya tsirkiyoyin gefe za su rasa ƙarfi. A rage kaɗan, a gwada, a sake. Abin da aka goge ba ya dawowa.

Kunnuwan ɗauri samfurin UPT ne na kamfanin Gotoh, masu kamar na da a ido amma da giya a ciki, juyi huɗu na hannu ya ba da juyi ɗaya. Ba sa zamewa, ba su sa kai nauyi ba. Tsirkiyoyin na fulorokabon ne, wani irin roba, sababbi kan yi mako ɗaya zuwa biyu suna miƙewa kafin su zauna, wannan ba laifin kowa ba ne.

Babbar maganar ita ce danshi. Irin wannan kayan ana haɗa shi a ɗaki mai danshin iska kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari, a nan kuma yake son zama. A tsakiyar hunturu danshin Kano kan faɗi ƙasa da kashi 20. Itace yana tsukewa ta faɗi, ba ta tsawo ba, fuskar kuma a manne take ta kowane gefe, ga sandunan ciki da suka gicciye ta. Ba ta da inda za ta ja, sai ta tsage. Kafin a kai nan akwai alamu, kuma wannan ya nuna biyun farko. Bakin ƙarafan wuya ya fara karce yatsa, don katakon ya tsuke ƙarfen bai tsuke ba. Sai fuskar ta ɗan lotsa, tsirkiyoyi suka sauko suna zuzu a ƙarafan farko. Alama ta uku ita ce siririn layi yana bin jijiyar itace daga bayan jaki zuwa gindi, wadda ba a so a gani.

Maganin bai da tsada. A sami robar sabulu mai murfi, a huda ta, a sa soso da aka jiƙa aka matse har ya daina ɗiga, a ajiye ta cikin akwatin kusa da kai, inda ba za ta taɓa katakon ba. Ƙaramin ma'aunin danshi ya zauna tare da ita. A duba soson duk kwana biyu ko uku. Akwai ƙananan jakunkunan kamfanin Boveda masu riƙe danshi a kashi 49, suna aiki, sai dai iskar hunturu na saurin shanye su. Akwatin ya zama mai tauri da ke rufuwa ruf. Jakar yadi ba ta riƙe komai. Da aka yi haka zuzun ya tafi da kansa cikin 'yan kwanaki. Rataye ukulelen a bango don ado kuwa, daga Nuwamba zuwa Maris, neman asara ne. Da damina a cire soson, don a lokacin fuskar kumbura take yi, tsirkiya ta hau, amo ya dushe, akwati ma ya iya yin fumfuna.

In har ya tsage, kada a ɗura masa sufa gulu. A mayar da shi akwati da danshi har tsagar ta haɗe bakinta, sannan a shafa gam ɗin katako ya shige ciki, a manna ƙananan faci ta ciki, jijiyarsu a gicciye da ta fuskar. Sufa gulu yana bushewa cikin tsagar a buɗe, ya bar baƙin tabo, ya hana gyara na gaba.

Shafin jikin shelak ne, wani irin banish, da aka goga da hannu, siriri, shi ma yana cikin dalilin da amon ya buɗe. Amma turaren fesawa yana narkar da shi saboda sinadarin alkohol, kuma inda damtse ke kwanciya ya riga ya dusashe da gumi. A fesa turare a bari ya bushe kafin a ɗauka. Kada a bar shi cikin mota a rana: gam yana laushi, jaki ya fara ɗagowa ta baya.

Ga mai koyo, ko mai yawo da kayansa wurin biki, na katakon da aka manna falle-falle ya fi, bai cika tsagewa ba. Wannan na wanda kunnensa ya riga ya san bambanci ne kuma zai jure hidimar soso. Mai shirin yin oda ya tambayi masassaƙin danshin shagonsa lokacin haɗawa, ya roƙe shi ya saita tsirkiya milimita 2.5 a ƙarfe na 12, ya kuma haɗo masa da ƙashin jaki na biyu mai ɗan tsayi, na sawa da hunturu idan fuskar ta sauka.