Na Gwada RED Komodo a Fitowar Harbi da Dare

Shekara biyu ina fama da abu guda a duk fitowar fim da ake harbi: a saki kunama, kowa a lokeshan ya ga wuta ta fito daga bakin bindiga, mu je wajen tacewa a nemi wutar a rasa. In ma an same ta, rabi ce, sama haske ƙasa duhu, kamar an yanka hoton da reza.

Dalili biyu ne. Walƙiyar albarushi ba ta kai ƙiftawar ido ba, ga shi muna ɗauka a firem (hoto ɗai-ɗai) 25 cikin daƙiƙa, shota (murfin idon kyamara) a digiri 180, wato rabin lokacin idon kyamara a rufe yake. Sannan tsohuwar kyamarata layi-layi take karanta hoto daga sama zuwa ƙasa, kafin ta kai ƙasa wutar ta mutu.

Shi ya sa na ɗauko hayar kyamarar RED Komodo na kwana uku. Tun 2020 ta fito, tana ɗaukar 6K, nauyinta wajen kilo ɗaya. Abin da ya kai ni gare ta shi ne dukkan hoton take kamawa a lokaci guda. A daren farko na buɗe shota zuwa 360, wato idon kyamara a buɗe koyaushe, na rage fitilu. Aka yi harbi da harsashi marar kai, muka taru a kan ɗan allon muna komawa firem-firem. Sai ga wutar cif, kamar furen kabewa, haskenta ya kwanta a kumatun jarumin har ana ganin zufarsa, ya kuma taɓa bangon ƙasar da ke bayansa. Wannan hasken na kan fuska shi ne edita ke shan wuya kafin ya ƙirƙiro a kwamfuta.

Da na mayar da shota 180, wasu harbin sun sake ɓacewa, amma duk wanda ya shiga, cikakke ya shiga. A 360 kuma gudun 'yan wasa yakan ɗan yi dishi-dishi, don haka harbin kawai nake ɗauka a haka.

Kuɗin haya ya ciji aljihu, amma zan ƙara. Tsayawa gaban bindiga kam na daina. Tun rasuwar Halyna Hutchins a New Mexico a 2021, mai ɗaukar hoto irina da harsashin gaske ya samu a bakin aiki, kafa kyamara nake a kan ƙafafunta, in koma gefe da allona.