Sunan maƙeri ko ƙirar ƙarfe: wanne ya fi nuna shekarun takobin Japan?

Maƙeran Japan sukan sassaƙa sunansu a wutsiyar takobi, wato ɓangaren ƙarfen da ke shiga cikin ƙota, wani lokaci har da lardinsu da shekarar zamanin da aka yi aikin. Idan rubutun na gaskiya ne, babu hanyar da ta fi shi sauƙi, domin yakan nuna ko an ƙera takobin kafin 1596, shekarar da masana ke raba tsofaffin takubba da sababbi. Sai dai an daɗe ana kwaikwayon sunayen manyan maƙera irin su Kotetsu, kuma takubba da yawa an gajarta su daga wutsiya har sunan ya tafi, kamar yawancin waɗanda ake danganta wa shahararren maƙeri Masamune.

Hanya ta biyu ita ce duban lanƙwasar takobin, da zanen da ninke ƙarfe ya bari, da layin da ke bin kaifinsa, da sawun magagari da launin tsatsar wutsiya, wadda ba a goge ta. Tana bukatar gogewa ta shekaru, amma a ganina ta fi zama abin dogaro, shi ya sa NBTHK, ƙungiyar adana takubban Japan da aka kafa a 1948, take gwada sunan da aikin ƙarfen kafin ta ba da takardar shaida.